BABI NA UKU: YANAYIN AIKI DA WALWALAR MA'AIKATAN JIN DAƊIN JAMA'A A INGILA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo ma'anar aikin jin daɗin jama'a da tarihin samuwarsa da kuma ire-iren mutanen da ake yi wa shi. Shi kuwa wannan babi zai juya ne ga su masu yin aikin, domin a ga irin halin da suke ciki a wuraren aikinsu, da yadda wannan hali yake taɓa lafiyarsu da kwanciyar hankalinsu. Da yake ba zai yiwu a karaɗe duniya a babi ɗaya ba, an zaɓi ƙasar Ingila, a cikinta ma an taƙaita ga ma'aikatan ƙananan hukumomi masu kula da kare yara daga cutarwa. Dalilan wannan zaɓi guda biyu ne. Na farko, gwamnatin ƙasar takan fitar da alƙaluman waɗannan ma'aikata a kowace shekara. Na biyu, kusan duk wani babban sauyi da aka yi wa aikin a can tun daga 1973 ya biyo bayan mutuwar wani yaro ne, kuma kwamitocin binciken da aka riƙa kafawa sun fito da abin da ke gudana a cikin ofisoshi a fili. Abin da babin yake son nunawa shi ne, lafiyar ma'aikaci da tsaron yaron da ke hannunsa a igiya ɗaya suke ɗaure. A ƙarshen babin za a ɗan leƙa wasu ƙasashe inda batun ya shafe su.

3.1 Ma'anar Yanayin Aiki da Walwala

Idan aka ce yanayin aiki, abin da ya fi saurin zuwa a rai shi ne albashi da ofis da abin hawa. Masana sun faɗaɗa ma'anar fiye da haka. A shekarar 2004 Hukumar Kula da Lafiya da Kariyar Ma'aikata ta Birtaniya ta fitar da ma'auni mai ɗauke da abubuwa shida waɗanda ta ce su ne ke haddasa damuwa a wurin aiki idan aka yi sakaci da su. Abubuwan su ne nauyin aiki, da ikon da ma'aikaci yake da shi a kan yadda zai yi aikinsa, da tallafin shugabanni da abokan aiki, da zamantakewa a wurin aiki, da sanin iyakar aikin kowa, sai kuma yadda ake gudanar da sauye-sauye. Tun kafin wannan, Karasek (1979) ya nuna cewa yawan aiki shi kaɗai ba ya karya mutum kamar yadda yake karya shi idan ya haɗu da rashin iko. Wato ma'aikacin da aka jibga wa kaya, kuma ba a bar shi ya zaɓi hanyar da zai bi da su ba, shi ne ya fi kusa da durƙushewa.

Ita kuwa walwala a nan ana nufin lafiyar jiki da ta ƙwaƙwalwa da gamsuwar da mutum ke samu daga aikinsa. Babbar alamar rashinta ita ce abin da za a riƙa kira gajiyar zuciya a wannan babi. Freudenberger (1974) ne ya fara bayyana ta, bayan ya lura da masu aikin sa kai a wani asibitin kyauta a birnin New York, waɗanda suka fara aiki da zumuɗi amma bayan kimanin shekara guda suka zama kamar an zare musu laka. Daga baya Maslach da Jackson (1981) suka kasa ta gida uku: ƙarewar ƙarfin zuciya, da fara kallon mutanen da ake yi wa hidima kamar kaya ko lambobi, da kuma jin cewa mutum ba ya tsinana komai. Alama ta biyu ita ce ta fi haɗari a aikin kare yara, domin kuwa ma'aikacin da ya daina jin komai a ransa zai iya shiga gida ya fito bai lura da cewa yaro ya rame ko ya daina magana ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya gajiyar zuciya cikin kundinta na rabe-raben cututtuka, sai dai ta kira ta matsalar da aiki ke haifarwa, ba cuta mai zaman kanta ba.

3.2 Yadda Aikin Yake a Ingila

An kafa sassan jin daɗin jama'a na ƙananan hukumomin Ingila a 1971, bisa shawarar rahoton kwamitin Seebohm na 1968. Babbar dokar da ma'aikatan yara ke aiki da ita ita ce Dokar Yara ta 1989. Sashe na 17 na dokar ya ɗora wa ƙaramar hukuma nauyin taimakon yara mabukata, sashe na 47 kuma ya wajabta mata yin bincike idan ana zargin yaro na fuskantar mummunar cutarwa. Ma'aikaci ne yake zuwa gidan, ya gana da iyaye, ya ga yaron shi kaɗai idan ta yiwu, ya tuntuɓi makaranta da likita da 'yan sanda, ya rubuta rahoto, idan kuma al'amarin ya yi tsamari ya tsaya gaban kotu ya nemi a raba yaron da iyayensa.

Abin lura a nan shi ne, yawancin gidajen da yake shiga ba gayyatarsa aka yi ba. Gidaje ne da ake fama da shaye-shaye ko taɓin hankali ko dukan mata ko talauci, kuma sau da yawa shi kaɗai yake zuwa, ba kamar ɗan sanda ba wanda ke da abokin tafiya da kayan kariya. Zagi da barazana sun zama ruwan dare a aikin, wani lokaci ma abin yakan wuce nan. A 1984, alal misali, wata mata da ke da taɓin hankali ta kashe ma'aikaciyar da ta taɓa kula da ita a cikin ofishinta a asibitin Bexley.

3.3 Mutuwar Yara da Neman Wanda Za a Ɗora wa Laifi

A watan Janairu na 1973 mijin mahaifiyar wata yarinya mai shekara 7, Maria Colwell, ya kashe ta da duka a garin Brighton, bayan an karɓo ta daga hannun dangin da ke riƙonta an mayar wa uwarta. A lokacin zaman kwamitin bincike, sai da 'yan sanda suka riƙa yi wa ma'aikaciyar da ke kula da ita rakiya saboda fushin jama'a. Daga nan aka buɗe wata ƙofa wadda ba ta sake rufuwa ba. Duk lokacin da aka kashe yaro, jaridu sukan bar wanda ya yi kisan su koma kan ma'aikaci, kamar dai yadda Hausawa kan ce, an bar jaki ana dukan taiki.

Da a ce zargin ta fuska ɗaya yake zuwa, da da sauƙi. A 1987, a yankin Cleveland, an raba yara 121 da gidajensu cikin 'yan watanni bisa binciken wasu likitocin yara guda biyu da suka ce an yi lalata da su. Daga baya aka mayar da mafi yawansu gida. A wannan karo an zargi ma'aikata ne da gaggawa da rusa iyalai. Ke nan idan ma'aikaci ya bar yaro a gida aka cutar da shi, ya yi sakaci. Idan ya ɗauke shi kuma zargi bai tabbata ba, ya yi zalunci. Gaba kura, baya sayaki. Kuma dole ya yanke hukunci a kan bayanai da ba su cika ba, daga bakin mutanen da wasunsu ke ɓoye masa gaskiya da gangan.

3.3.1 Victoria Climbié

Labarin da ya fi fito da halin da ofisoshin ke ciki shi ne na Victoria Climbié. An haife ta a 1991 a Abobo kusa da Abijan ta ƙasar Kodebuwa. A 1998 iyayenta suka ba wata 'yar'uwar kakanta riƙonta domin ta samu ilimi a Turai, irin riƙon da aka saba da shi a Afirka ta Yamma, har da ƙasar Hausa. Matar ta kai ta Faransa, sannan Landan a watan Afrilu na 1999. Ranar 25 ga Fabrairu, 2000 Victoria ta rasu tana da shekara 8, likitan da ya duba gawarta ya ƙirga raunuka 128 a jikinta. An yanke wa mariƙiyar tata da saurayinta hukuncin ɗaurin rai da rai a 2001.

Kafin rasuwarta, sassan jin daɗin jama'a na ƙananan hukumomi huɗu sun san da ita, haka asibitoci biyu da rukunin 'yan sandan kare yara guda biyu. Ƙaramar hukumar Haringey, wadda fayil ɗinta ke hannunta, ta rufe shi ne a ranar da yarinyar ta cika. Rahoton kwamitin Lord Laming da ya fito a Janairun 2003 ya kawo shawarwari 108, kuma ya nuna lokuta aƙalla 12 da za a iya ceto ta amma aka bari suka wuce.

Abin da ya fi shafar wannan babi shi ne halin da ma'aikaciyar Victoria take ciki. Matashiya ce wadda ba ta daɗe da fara aiki ba, kuma ba ta taɓa gudanar da irin wannan bincike daga farko har ƙarshe ba. Tana riƙe da fayil 19, alhali ƙa'idar ita kanta ƙaramar hukumar ta ce kada a wuce 12. Zaman bitar aiki da ya kamata ta riƙa yi da shugabarta a kai a kai, inda za a zauna a duba kowane fayil a tambaye ta abin da ta gani da abin da ba ta gani ba, bai samu yadda ya kamata ba. Laming da kansa ya ɗora mafi girman laifi a kan manyan jami'ai waɗanda suka bar sashen ya lalace. Duk da haka ita aka kora daga aiki, aka kuma sanya sunanta cikin jerin waɗanda aka hana aiki da yara, sai a 2005 wata kotun sauraron ƙorafi ta soke wannan hani. Wasu daga cikin manyan kuwa sun ci gaba zuwa muƙamai mafi tsoka. Babu shakka ma'aikaciyar ta yi kurakurai, kuma rahoton bai ɓoye su ba. Amma duk wanda ya ba sabon hannu nauyin da ya zarce ƙa'ida da fiye da rabi, sannan bai duba aikinsa ba, ya riga ya shirya wa kuskure wurin zama.

3.3.2 Peter Connelly

Shekara bakwai bayan rasuwar Victoria, a wannan ƙaramar hukuma ta Haringey, wani yaro ɗan wata 17 mai suna Peter Connelly ya rasu ranar 3 ga Agusta, 2007 da raunuka sama da 50, a hannun uwarsa da saurayinta da ɗan'uwan saurayin. A cikin watanni takwas na ƙarshen rayuwarsa ma'aikatan jin daɗin jama'a da na lafiya da 'yan sanda sun gan shi kimanin sau 60. Da aka kammala shari'a a Nuwamban 2008, jaridar The Sun ta tara sa hannun mutane sama da miliyan ɗaya tana neman a kori ma'aikatan, ta kuma buga hotunansu da sunayensu. Wasu daga cikinsu sun sha barazanar kisa. Ranar 1 ga Disamba, 2008 ministan harkokin yara da makarantu na lokacin, Ed Balls, ya sanar da tsige shugabar sashen yara ta Haringey, Sharon Shoesmith, a gaban 'yan jarida. A watan Mayu na 2011 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa an tsige ta ba bisa ƙa'ida ba, domin ba a ba ta damar kare kanta ba.

Tasirin wannan dambarwa bai tsaya a Haringey ba. Ma'aikata a faɗin ƙasar suka ɗauki darasi cewa gara a kai magana kotu da a wayi gari an ga hotonka a jarida. Nan da nan buƙatun da ake shigarwa kotu na ɗauke yara suka yi tashin gwauron zabo. Yaran da ke hannun hukuma a Ingila, waɗanda suke kimanin 60,000 a 2008, sun haura 80,000 a 2020. Ba tsoro kaɗai ne ya jawo wannan ƙari ba, talauci da janye tallafi ma sun taka rawa kamar yadda za a gani a gaba, amma tsoro ya sauya yadda ake yanke hukunci. Kowane ƙarin yaro kuwa ƙarin ziyara ne da rahoto da zaman kotu a kan ma'aikatan da ke nan.

3.4 Takardu da Kwamfuta

Maganin da hukuma ta riƙa kawowa bayan kowane bincike shi ne ƙarin ƙa'idoji. Takardar umurnin da gwamnati ta fitar a 1974 bayan mutuwar Maria Colwell shafi 7 ce. Littafin jagoran da ya gaje ta ya kai shafi 390 a bugun 2010. A shekarar 2000 aka ƙayyade cewa dole a kammala binciken farko cikin kwanakin aiki 7, cikakken bincike kuma cikin kwanaki 35, aka kuma riƙa auna ƙwazon ƙananan hukumomi da cika waɗannan wa'adodi. Bayan rahoton Laming aka shigo da wani tsarin kwamfuta na adana bayanan yara mai ɗauke da guraben cikewa masu yawan gaske, wanda yakan tilasta a maimaita bayani ɗaya ga kowane yaro a gida guda. Masu nazarin da suka zauna a ofisoshi suna lura da ma'aikata sun gano cewa mafi yawan lokacin aikinsu a gaban kwamfuta yake ƙarewa.

Manufar waɗannan ƙa'idoji mai kyau ce, wato kada a sake mantawa da wani yaro. Sai dai sun haifar da abin da Karasek ya yi gargaɗi a kansa: nauyi ya ƙaru, iko ya ragu. Ma'aikacin da ya shiga aikin domin ya zauna da iyali ya fahimci matsalarsu sai ya koma magatakarda. Shugabansa kuma, maimakon ya tambaye shi yaya ya ga yaron, sai ya tambaye shi ko ya cike fom kafin wa'adi. A 2010 gwamnati ta ba Farfesa Eileen Munro aikin sake duba tsarin. Rahotonta na 2011 ya nuna cewa an mayar da hankali ga bin ƙa'ida fiye da tabbatar da cewa yaro ya samu taimako, ya kuma nemi a mayar wa ma'aikata damar yin amfani da basirarsu. An rage littafin jagoran zuwa ƙasa da shafi 100 a 2013, aka kuma haɗe binciken biyu ya zama ɗaya mai wa'adin kwanakin aiki 45. Amma matsalar ba ta gushe ba, domin a 2018 ƙungiyar ma'aikatan jin daɗin jama'a ta Birtaniya ta ƙaddamar da gangami na neman a juya lissafi, yadda kashi 80 cikin 100 na lokacin ma'aikaci zai tafi ga iyalai, kashi 20 ga takardu, maimakon akasin haka.

Har ila yau akwai wata ƙaramar matsala da ba a cika kula da ita ba. Domin rage kuɗin hayar gine-gine, ƙananan hukumomi da yawa sun soke ba kowane ma'aikaci teburinsa, sai wanda ya riga zuwa ya zauna inda ya samu. Ma'aikacin da ya dawo daga gidan da aka zage shi, ko ya ga abin tashin hankali, a da yakan tarar da abokan aikinsa a ɗaki ɗaya ya amayar da abin da ke ransa, wani dattijo a aikin ya ba shi shawara. A sabon tsari yana iya dawowa bai samu wurin zama ba, ya ƙare da rubuta rahoto a cikin motarsa.

3.5 Ƙarancin Kuɗi, Barin Aiki da Ma'aikatan Haya

Shawarwarin Munro sun zo ne a daidai lokacin da gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu. Ofishin Babban Mai Binciken Kuɗi na ƙasar ya ƙiyasta cewa kuɗin da gwamnatin tsakiya ke ba ƙananan hukumomin Ingila ya ragu da kimanin kashi 49 cikin 100 tsakanin 2010 da 2018, idan aka yi la'akari da hauhawar farashi. Da yake doka ta wajabta binciken cutarwa, ba a iya taɓa shi ba, sai aka zaftare ayyukan rigakafi irin su cibiyoyin ƙananan yara da na matasa da tallafin iyaye. Sakamakon haka iyalai ba sa isowa gaban ma'aikaci sai al'amarinsu ya riga ya dagule. A cikin shekaru goman da suka biyo bayan 2010, binciken da ake yi ƙarƙashin sashe na 47 ya ninka fiye da sau biyu.

Binciken da Ravalier na Jami'ar Bath Spa ya gudanar a 2017 tare da ƙungiyoyin ma'aikatan, inda ya yi amfani da ma'aunin da aka ambata a 3.1, ya nuna cewa ma'aikatan jin daɗin jama'a suna sahun ƙasa a kusan kowane fanni idan aka kwatanta su da sauran ma'aikatan ƙasar. Fannin da ya ɗan fi dama shi ne tallafin abokan aiki. Waɗanda aka tambaya sun ce sukan ƙara kimanin awa 10 a mako a kan abin da aka ɗauke su a kai, kuma fiye da rabinsu na da niyyar barin wurin aikinsu cikin ɗan lokaci. Tun kafin nan Curtis da Moriarty da Netten (2010) sun ƙiyasta cewa ma'aikacin jin daɗin jama'a a Birtaniya kimanin shekara 8 yake yi a sana'ar, alhali ma'aikacin jinya kan yi 15, likita kuma 25.

Alƙaluman Ma'aikatar Ilimi na watan Satumba, 2022 sun nuna cewa akwai ma'aikatan yara kimanin 31,600 a ƙananan hukumomin Ingila, guraben da babu kowa a kansu sun kai 7,900, wato gurbi ɗaya cikin kowane biyar, kuma ma'aikata kimanin 5,400 sun bar wuraren aikinsu a cikin shekarar. Matsakaicin adadin yaran da ke hannun kowane ma'aikaci ya kama 16.6. Wannan adadi na ƙarshe yana buƙatar a karanta shi da hattara, domin ya haɗa da sabbin ma'aikata da aka rage wa nauyi a shekararsu ta farko da kuma manya masu riƙe da fayiloli kaɗan. Bugu da ƙari, fayil ba ya daidai da fayil. Yaro ɗaya da maganarsa ke gaban kotu zai iya cinye mako guda.

Don cike guraben, ƙananan hukumomi sukan ɗauko ma'aikatan haya daga kamfanonin dillancin ma'aikata, waɗanda suka kai kimanin 6,800 a waccan shekara. Ma'aikacin haya ya fi na dindindin samun kuɗi a kowace awa, kuma yana iya tafiya cikin ɗan gajeren lokaci idan wuri ya yi masa zafi. Saboda haka gogaggun ma'aikata da dama suka ajiye aikin dindindin suka koma haya, wani lokaci a ƙaramar hukumar da ke maƙwabtaka. Idan ɗaya ya tafi, akan rarraba fayilolinsa ga waɗanda suka rage, nauyinsu ya ƙaru, wani ya kwanta rashin lafiya, wani kuma ya bi sahu. Ga yaro kuwa, ma'anar wannan ita ce baƙuwar fuska kowane 'yan watanni. Yaron da ake cutarwa ba ya buɗe cikinsa ga baƙo, kuma sabon ma'aikaci ba zai gane cewa yaro ya sauya ba tunda bai san yadda yake a da ba. Binciken ƙasa da aka fitar a Mayun 2022 kan kisan Star Hobson, yarinya 'yar wata 16 da aka kashe a 2020 a yankin Bradford, ya ambaci yawan sauyin ma'aikata da dogaro da na haya cikin matsalolin sashen da ke kula da ita. A ƙarshen Oktoban 2024 sabbin ƙa'idoji suka fara aiki, waɗanda suka haɗa da cewa sai ma'aikaci ya yi shekara 3 yana aikin dindindin kafin a ɗauke shi haya, kuma wanda ya ajiye aiki sai ya yi wata 3 kafin a ɗauke shi haya a yankin da ya bari.

3.6 Gwajin Hackney

Akwai shaidar cewa idan aka sauya tsarin aiki, halin ma'aikata ma yakan sauya. A 2008 ƙaramar hukumar Hackney da ke Landan, ƙarƙashin jagorancin Steve Goodman da Isabelle Trowler, ta rusa tsohon tsarin da kowane ma'aikaci ke riƙe da fayilolinsa shi kaɗai. Aka kafa ƙananan rukunoni, kowane yana da gogaggen ma'aikaci a matsayin jagora wanda shi ma yana shiga gidaje, da wani ma'aikaci, da mai aiki da yara, da masanin sasanta iyali, da kuma jami'i guda da aikinsa shi ne ɗauke musu nauyin takardu da shirya ganawa. Rukunin yakan zauna kowane mako ya tattauna kowane iyali, ta yadda hukunci ba ya rataya a wuyan mutum ɗaya, kuma idan wani ya tafi hutu akwai waɗanda suka san gidan. Nazarin da aka yi wa tsarin a 2010 ya nuna cewa kwanakin da ma'aikata ke ɗauka na rashin lafiya sun ragu da kimanin rabi, adadin yaran da ake rabawa da iyayensu shi ma ya sauka. Wasu ƙananan hukumomi sun kwaikwayi tsarin, sai dai yana da tsada, kuma inda kuɗi ya yi ƙaranci abin da akan fara sokewa shi ne gurbin mai ɗauke nauyin takardu.

3.7 Yadda Batun Ya Shafi Wasu Ƙasashe

Halin da aka bayyana bai keɓanta ga Ingila ba. Binciken da Ravalier da abokan aikinsa suka yi tare da Tarayyar Ƙungiyoyin Ma'aikatan Jin Daɗin Jama'a ta Duniya, wanda aka buga a 2022 bayan jin ta bakin ma'aikata sama da 3,000 daga nahiyoyi daban-daban, ya samu cewa yanayin aikin ba shi da kyau a kusan ko'ina. A Koriya ta Kudu, jami'an jin daɗin jama'a na gwamnati guda huɗu ne suka kashe kansu a farkon rabin shekarar 2013, lamarin da aka danganta da nauyin aiki bayan an faɗaɗa shirye-shiryen tallafi ba tare da ƙara ma'aikata daidai gwargwado ba. A Japan, ƙorafe-ƙorafen cutar da yara da cibiyoyin kula da yara suka karɓa sun haura 200,000 a shekarar kuɗi ta 2020, kuma sai bayan mutuwar wata yarinya a Tokyo a 2018 gwamnati ta tsara ƙara ma'aikata kimanin 2,000.

Akwai kuma wata alaƙa ta kai tsaye. Tun farkon shekarun 2000 ƙananan hukumomin Ingila suke cike gurabensu da ma'aikata daga ƙasashen waje, musamman Zimbabuwe da Afirka ta Kudu da Indiya, inda ake horar da su da Ingilishi. Zimbabuwe ta yi asarar ɗimbin ƙwararrun ma'aikatanta ta wannan hanya a daidai lokacin da cutar ƙanjamau ta bar mata marayu masu yawa. Afirka ta Kudu ta ayyana aikin a matsayin sana'ar da ake ƙarancin masu ita a 2003, kuma shirinta na raya ƙasa ya ƙiyasta cewa za ta buƙaci ma'aikatan hidimar jama'a 55,000 kafin 2030. Ma'aikacin da ya tashi daga Harare ya cike gurbi a Landan yakan bar nasa fayilolin ne a kan teburin abokin aikinsa da ya rage a gida.